Darasi na Goma Sha Biyu: Tsaga a Jikin Tsohon Jirgin Sama, Bincikenta da Gyaranta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai sayar da yadi ya ga wata 'yar hikima wadda galibi ba a kula da ita. Idan an gama ciniki an auna, mai rumfa ba ya wahalar da kansa da bin ƙyallen da almakashi tun daga wannan baki har wancan, sai ya ɗan datsi gefen kamar faɗin farce, ya kama da hannu biyu ya fizga, ƙyalle ya kece har ƙarshe. Alhali kuwa da bai yi wannan ɗan datsin ba, da ƙarti biyu sun yi ta ja har sun yi gumi, ƙyallen bai ko gezau ba. Ilmin da za mu karanta yau a kan wannan asali aka gina shi, domin ƙarfen jirgin sama, duk da tsadarsa da ƙwarewar maƙeransa, halinsa ɗaya da ƙyallen nan: muddin yana lafiya lau yana ɗaukar nauyin da hankali ba ya zato, amma da zarar ya sami 'yar tsaga, sai ƙarfin ja duka ya taru a bakinta.

Dalilin gajiyar ƙarfe

Ku sani, Allah Ya ƙara muku fahimta, cewa can sama inda manyan jirage ke tafiya, a tsayin ƙafa 35,000 ko fiye, iska ta yi ƙaranci ƙwarai, har ɗan Adam ba ya iya daɗewa cikin hayyacinsa. Saboda haka da jirgi ya tashi sai a riƙa cusa iska cikin ɗakin fasinja, ta yadda wanda ke zaune a ciki zai ji kamar yana bisa tsaunin da bai wuce ƙafa 8,000 ba. Wannan iska da aka tara tana tunkuɗa bango waje da ƙarfin da ya kai kimanin tan biyar da rabi a kan kowane murabba'in mita, shi kuwa bangon, a jirgi irin Boeing 737, fallen sanholo ne, wato alminiyom, wanda a wurare da yawa kaurinsa bai cika milimita ɗaya ba, an shimfiɗa shi a kan haƙarƙarin jirgin an ɗinke da dubban ƙusoshin ribit. Idan jirgi ya hau, gangar jikinsa ta ɗan kumbura kamar salkar da aka cika. Idan ya sauko, ta saki. Tashi ɗaya da sauka ɗaya shi ne sawu ɗaya, kuma da yawan sawu injiniyoyi ke auna tsufan jirgi tun kafin su dubi shekarar da aka ƙera shi.

Ku ɗauki 'yar waya ku lanƙwasa ta gaba, ku mayar da ita baya. A karon farko ba abin da zai same ta, haka na biyu da na uku, amma in kuka ci gaba sai wurin lanƙwasar ya yi ɗumi, ya yi fari, daga nan ta karye a hannunku, ba tare da kun sa ƙarfin da ya fi na farko ba. Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe. Ta fi son ta fara daga inda siffar ƙarfen ta yanke, kamar bakin ramin ƙusa, da kusurwar ƙofa ko taga, da wurin da wani abu ya karce. Abokiyar aikinta ita ce tsatsa, wadda ke samun mafaka inda danshi ke kwanciya, musamman ƙarƙashin makewayi da ɗakin abinci, da tsakanin falle biyu da aka ɗora wa juna. Tana cinye kaurin ƙarfe daga ciki, fenti kuwa yana ƙyalli daga waje.

Abin da jirgin Comet ya koyar

Wannan ilmi da rayuka aka saye shi. A shekarar 1952 Ingila ta fara ɗaukar fasinja da Comet, jirgin farko mai injin jet da ya shiga wannan hidima, duniya kuwa ta yi ta mamakin saurinsa. Amma ran 10 ga Janairu 1954, ɗaya daga cikinsu ya tashi daga Roma ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba, mutum 35 suka halaka, sannan a watan Afrilu na wannan shekara wani ya bi sahunsa kusa da Napoli da mutum 21. Masanan cibiyar binciken jirage ta Farnborough, ƙarƙashin Sir Arnold Hall, suka gina wani katafaren tanki, suka sa gangar jikin wani Comet ɗungurungum a ciki, suka riƙa cusa mata ruwa suna sassautawa dare da rana, kowane cusawa a madadin sawu ɗaya. Ruwa suka zaɓa domin shi ba ya matsuwa kamar iska, in bango ya fashe ba zai watsa shaidar da ake nema ba. Da lissafi ya kai sawu 3,057, har da waɗanda jirgin ya riga ya yi a sama, sai bangon ya dare daga kusurwar wata ƙofar gudun haɗari. Tarkacen da aka tsamo daga tekun Elba ya tabbatar da hukuncin, domin tsagar can ma daga ramin ƙusa ta faro, kusa da wata 'yar taga mai kusurwa a rufin jirgin. In kun shiga jirgi kun ga tagoginsa duk an zagaye musu kusurwa, to, ga dalili.

Daga nan maƙera suka ɗauki ƙa'idar cewa kowane muhimmin sashe a yi masa mataimaki, in ɗaya ya karye ɗayan ya riƙe. Wannan ma ta nuna iyakarta ran 14 ga Mayu 1977, sa'ad da wani Boeing 707 mai ɗaukar kaya ya zo sauka a Lusaka ta Zambiya, ƙaramin fiffikensa na wutsiya ya ɓalle, mutum shida da ke ciki suka mutu. Tsagar ta daɗe tana ci a wurin da binciken da aka tsara ba ya iya ganinta, mataimakin kuwa bai iya ɗaukar nauyin ba. Sai masana suka koma ga ƙa'idar da ake bi har yau, wadda ta ginu a kan yarda da cewa tsaga lalle za ta zo, abin nema shi ne a riske ta tun tana ƙarama. A ƙaddara, alal misali, an gwada an ga cewa daga ranar da na'ura za ta iya ganin wata tsaga zuwa ranar da za ta kai haddin halaka akwai sawu 12,000. Sai a wajabta duba wurin duk bayan sawu 4,000, domin in ta kuɓuce wa mai bincike sau ɗaya, akwai sauran dama.

Jirgin da rufinsa ya yaye

Ran 28 ga Afrilu 1988, wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya tashi daga Hilo zuwa Honolulu a tsibiran Hawayi da mutum 95. Yana tsayin ƙafa 24,000 sai rufin ɗakin fasinja na gaba, tsawon kimanin ƙafa 18, ya yaye ya bi iska, mutane suka ga sararin sama a bisa kawunansu; ma'aikaciya ɗaya, Clarabelle Lansing, iska ta fizge ta ba a sake ganinta ba, matuƙan kuwa, cikin ikon Allah, suka saukar da abin da ya rage a tsibirin Maui. Shekarun jirgin 19, sa'o'in tafiyarsa 35,496, waɗanda ba su da yawa ga tsararsa, amma sawunsa 89,680, domin aikinsa tsallake tsakanin tsibirai ne, tafiyar da ba ta cika rabin sa'a ba, a cikin iskar teku mai gishiri. Maƙeransa kuwa sawu 75,000 suka yi masa lissafi.

Abin da masu bincike suka tarar ya sauya ilmin tsofaffin jirage. A wurin da falle ke hawa kan falle, gam ɗin da aka manna su da shi ya saki, tsatsa ta shiga, nauyi duka ya koma kan ƙusoshi. Sai kowane rami a jeri ɗaya ya haifi 'yar tsagarsa, ko wacce ƙarama ce har ido bai cika ganinta ba, amma da ranar ta zo sai suka haɗa baki gaba ɗaya, kamar yadda takardar rasit ke yagewa ta bin layin 'yan hujojinta. Wata fasinja ta shaida daga baya cewa ta ga tsaga kusa da ƙofa lokacin da take shiga, ta yi shiru, don tana zaton masu jirgi sun fi ta sani. Bayan wannan haɗari ne majalisar Amurka ta yi dokar tsaron tsofaffin jirage a 1991, a 2010 kuma hukumar jiragen saman ƙasar ta wajabta wa maƙera su yanke wa kowane irin babban jirgi haddin sawu ko sa'o'i, wanda in ya cika dole a ajiye jirgin, sai fa in an kawo sabuwar hujja ta gwaji da ke halatta ƙari.

Yadda ake neman tsaga

Binciken jirgi hawa-hawa ne. Akwai zagayen da ake yi kafin kowane tashi, akwai ƙaramin dubawa na cikin dare, akwai babba da ke zuwa kimanin duk shekara biyu, sannan akwai mafi girma duka, bayan shekara shida zuwa goma, inda ake shigar da jirgi rumfa a kwashe kujeru da daɓe da rufin bango, wani lokaci har a kankare fenti, ya zama ƙashi tsirara, a yi makonni ana bin sa gaɓa-gaɓa.

Farkon kayan aiki ido ne, da tocila, da ɗan madubi mai dogon hannu, da gilashin ƙara girma. Gwani ba ya haska tocila tsaye a kan falle, kwantar da haskenta yake yi ta gefe, domin tsaga ta yi inuwa, tsatsar da ta kumburo daga ciki kuma ta nuna tudunta. Yana neman baƙin zane da ke bin bayan kan ƙusa kamar hayaƙi, wanda ke nuna ƙusar ta yi sako-sako tana cin raminta. A zamanin da ake shan taba cikin jirgi, har tabon hayaƙin taba mai ruwan ƙasa yakan tona asirin inda iska ke zurarewa.

Inda ido ya gaza sai a koma ga dabara. Akan shafa wani jan ruwa mai saurin ratsawa, a bar shi ya tsuma, a goge sama tas, a fesa farin gari. In akwai tsaga, garin zai tsotso jan da ya maƙale a cikinta, ta fito fili kamar zanen alƙalami. Wadda aka fi dogara da ita a jikin sanholo kuwa wata na'ura ce mai kai kamar alƙalami, da ke sa lantarki ya riƙa kewayawa cikin fallen. Mai aiki yana zagaya kowace ƙusa da ita, idonsa na kan allo, in lantarkin ya ci karo da tsaga sai ɗigon hasken da ke allon ya yi tsalle. Kafin ya fara, wajibi ne ya gwada ta a kan wani guntun ƙarfe da aka yi wa tsaga da gangan, kamar yadda mai awo nagari ke daidaita sikelinsa da safe. Akwai kuma mai aika amo cikin ƙarfe ta saurari dawowarsa, 'yar'uwar wadda ake duba ciki da ita a asibiti, ita ke auna kaurin da tsatsa ta bari. Akwai hoton eksire ga wuraren da hannu ba ya kaiwa. Ga sassan baƙin ƙarfe kuma, irin su ƙafafun sauka, akan yi amfani da maganaɗisu da garin ƙarfe, garin ya taru a bakin tsagar.

Yadda ake gyara

Gyartai in zai ɗinke ƙwarya, hankalinsa da gwanintarsa su ne dokarsa. Makanikin jirgi kuwa ba a ba shi wannan 'yanci ba, domin kowane irin jirgi yana da kundin gyara da maƙeransa suka rubuta, abin da babu shi a kundin kuma sai an nemi fatawar injiniyoyinsu a rubuce. Da farko a bi tsagar da na'ura har a san haƙiƙanin inda ta tsaya, don takan wuce inda ido ya gani. Sa'an nan a yanke wurin da ya lalace duka a fitar, a zagaye kusurwoyin yankan, a goge bakinsa sumul, a sake dubawa. Daga nan a yanko faci daga irin ƙarfen, mai kaurin da kundi ya faɗa, wanda zai zarce ramin ta kowane gefe har ya ɗauki jerin ƙusoshin da aka ƙayyade, kowace ƙusa nesa da baki da aƙalla ninki biyu na kaurinta. A shafa maganin tsatsa da gam mai hana ruwa shiga, a buga. Kada wani ya ce bari in ƙara kauri don alheri, domin facin da ya fi maƙwabtansa tauri yana jawo nauyi kansa, sai sabuwar tsaga ta tsiro a gefensa. Hujin da akan yi a bakin tsaga don dakatar da ita kuwa jinkiri ne kawai, tana nan da ranta. A ƙarshe mai izini ya duba ya sa hannu, a rubuta wurin da girman facin da lokacin da za a sake duba shi, gama faci ma tsufa yake yi.

Gyaran da ya zama ajali

A watan Yunin 1978 wani Boeing 747 na kamfanin jiragen Japan ya bugi ƙasa da wutsiya wajen sauka a Osaka, bangon baya da ke tare iskar ɗakin fasinja ya lalace. Ma'aikatan Boeing da suka zo gyara, maimakon su haɗa sabon rabi da tsohon da falle guda mai ɗaukar jerin ƙusa biyu kamar yadda aka umarta, sai suka raba fallen biyu, nauyin wani yanki ya koma kan jeri ɗaya tak, aka shafe da gam, aiki ya yi kyau a ido. Jirgin ya yi sawu fiye da 12,000 lami lafiya. Ran 12 ga Agusta 1985, minti 12 bayan tashinsa daga Tokiyo, bangon ya fashe, iska ta ɓalle mafi yawan wutsiyar da ke tsaye, ta tsinke bututan man sarrafa jirgin duka huɗu. Matuƙa suka yi ta fama har kimanin rabin sa'a kafin ya faɗa kan tsauni. Cikin mutum 524, huɗu suka rayu.

Na biyu ya fi wannan daɗewa a ɓoye. A Fabrairun 1980 wani 747 na kamfanin China Airlines na Taiwan ya goga wutsiya a Hong Kong, aka ɗora faci a kan fallen da ya kakkarce ba tare da an yanke shi an fitar ba. Facin ya zama labule, tsagogi suka yi shekara 22 suna girma a bayansa, har ran 25 ga Mayu 2002 da jirgin ya rabu a sama bisa teku da mutum 225, ba wanda ya tsira. Ku lura cewa a duka biyun an ga ɓarnar, an yi gyara, an rubuta an yi. Da an bar raunin a buɗe ma, da wani ya gan shi.

Doka da amana

Bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, ƙasar da ta yi wa jirgi rajista ita ke da alhakin tabbatar da lafiyarsa, ita ke ba shi takardar shaidar cancantar tashi. In maƙera suka gano wata illa sukan aika wa masu jirage takardar nasiha, wadda hukuncinta kamar na mustahabbi ne, sai hukuma ta ɗauke ta ta mayar da ita umarni, sannan ta zama farilla mai wa'adi, wanda ya saɓa a hana jirginsa tashi. A jirgin Aloha, nasihar Boeing ta ce a duba mahaɗai da yawa, umarnin hukuma ya taƙaita a kan biyu, rufin kuwa ya yaye daga wata da ba ta cikin biyun.

A Nijeriya, bayan jirgin da ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano ran 4 ga Mayu 2002, ko da yake ba tsaga ce sanadinsa ba, gwamnati ta sa haddin shekara 22 ga jiragen fasinja da za a yi wa rajista. Haddi yana da amfaninsa, amma ku dubi lissafin darasinmu: Comet na Elba shekararsa uku, jirgin Japan 11, na Aloha 19, duk ba su kai wannan haddi ba. Malamai sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya kore tawakkali, sababin fasinja kuwa yana hannun wani bawan Allah da ba zai taɓa gani ba, wanda ke tsaye kan tsani ƙarfe uku na dare, ya duba ƙusa ɗari bakwai duk lafiya, barci na fizgarsa, saura ɗari uku, takarda kuma na jiran sa hannunsa. Sa hannun nan shaida ce, hukuncinta hukuncin shaida.

Tambayoyi

1. Mene ne sawu, kuma don me ake auna tsufan jirgi da shi?
2. Me ya sa masanan Farnborough suka cusa wa Comet ruwa maimakon iska?
3. Jirgin Aloha ya yi sa'a 35,496 cikin sawu 89,680. Kimanin minti nawa ke nan a kowane sawu?
4. Ku kawo hanyoyi uku na gano tsagar da ido ba ya gani.
5. Wane kuskure aka yi a gyaran 1978, wane kuma aka yi a na 1980?
6. Mene ne bambancin takardar nasiha da umarnin hukuma?

Aiki

Kowa ya zo da waya biyu masu kauri ɗaya. Ku ɗan karci ɗaya da wuƙa a tsakiya, ku bar ɗayar yadda take, ku yi ta lanƙwasa kowacce a wurin kuna ƙirgawa har ta karye, ku rubuta adadin a allo. Sa'an nan kowa ya faɗa wa aji wani aiki a cikin sana'arsa, gini ne ko ɗinki ko gyaran mota, wanda in an rufe shi mai kaya ba ya sake ganinsa.